A Kawar da Tsohuwar Ƙofar Gida

Shafi na 23

To ku matso. Ke mai hoton mage, na ga abin da kika rubuto, wai labarina ya fi igiyar shanya tsawo. Na ji. Yau ki ɗaure ɗankwalinki da kyau, don akwai jini a shafin nan.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Mai gida ya rasu, ya bar Mama da 'ya'ya biyu maza da gida ɗaya. Yaya shi ne babba, mai kwat da takalmi mai tsini. Ya haɗa baki da Dillali zai sayar da gidan, Mama tana ciki. Bai gaya mata ba. Bai gaya wa ƙaninsa Auta ba, mai walda, wanda damtsensa ya kai cinyar wani. Cewa ya yi gyara kawai yake yi don Mama ta ji daɗi. A gabanta "Mama" yake ce mata. A bayan idonta "Tsohuwa" yake cewa. Ku riƙe wannan kalmar, kada ku yar.

Gidan kuwa ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An kankare tsohon fentin katanga, an cike tsagar nan da ta taso daga ƙasa har sama, an shafe da fari ƙal, kai ka ce ba a taɓa jingina keke a jikinta ba. An yashe kwata. An sassabe ciyawa. Bishiyar bakin ƙofa an yi mata aski. An zubo tsakuwa an baje inda ruwa ke kwanciya, aka jera tukwanen fulawa dama da hagu. Fulawar ma ta aro ce, daga ofis ɗin su Yaya aka kwaso. Ƙofar ƙarfe kuwa Auta ne da kansa ya kwance ta, ya miƙar, ya like inda tsatsa ta ci, Mai Fenti ya bi ta da baƙi mai sheƙi.

Abu biyu ne kawai ba su canza ba a ƙofar gidan.

Akwai motar marigayi, wadda rabonta da tashi tun yana raye. Tayoyi sun sace, an tokare ta da bulo, kaji sun mai da ƙarƙashinta ɗakin ƙwai. Hularsa na nan a gaban sitiyari inda ya ajiye ta.

Sai kuma Mama a kan dakalinta, dab da motar. Rediyo a gefe, kwanon tsaba a gefe tana watsa wa kajin, kwalin ashana a ƙulle a bakin zani, da shi take sakace. Kullum safiya sai ta goge gilashin motar da gefen mayafinta kafin ta zauna.

"Allah ya yi maka albarka, babban mutum," in ji ta, tana kallon katangar. "Ubanku ya so fentin nan, har ya koma bai samu yi ba."

"Amin, amin," Yaya ya ce, idonsa a kan agogo.

Auta ya tura ƙofar, ya jawo, ya sake turawa. "Mama, kin ji? Ta daina kuka. Da in an buɗe ta har layin baya sai an san kin yi baƙi."

"Ai kukan nan ke gaya min lokacin da kake dawowa daga yawo. Ka toshe min kunne ke nan, ja'iri."

Ya yi dariya, ita ma ta yi.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya zagaya bayan bishiya. Dillali ne. Shi wannan Dillalin da can motoci yake dillanci a bakin titi, kwanan nan ya koma gidaje. Bakinsa ya fi injin markaɗe gudu.

"Ranka ya daɗe, na wuce ta gaban gidan ɗazu a babur. Fuskar gida ta fito! Ka san mai saye daga cikin mota yake yanke hukunci, kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya saya ko ya fasa. Muna hanya da mutanena. Abu ɗaya ne ya rage."

"Mene ne?"

"Tsohuwar nan ta ƙofar gida."

Yaya ya waiga ya kalli dakali.

"Ita ke ɓata maka komai. Mutum na shawo kwana ita zai fara gani, zaune daram, duk ta kwararraɓe, kaji na zagaya ta. Wa zai sayi gida da wannan a gaba?"

"Ai ba ta motsawa daga wurin nan. Tun rasuwar Baba."

"To a motsa ta mana! A tura ta baya. In ta ƙi turuwa a ɗaure a ja. Ta gama zamaninta, ranka ya daɗe. Ko wani lungu ka saka ta ka rufe har baƙi su tafi."

"Shi ke nan. An gama."

Jama'a, kun ji ko? An gama. Ko "me ka ce?" bai ce ba.

Ya dawo yana murmushi. "Auta, ƙwan fitilar saman ƙofa ya mutu. Je ka sayo mai farin haske. Kada ka saya a shagon kusa, nasu jabu ne, ka je can babban titi."

Auta ya goge hannu a wando ya tafi yana fito.

Yana shan kwana, murmushin Yaya ya faɗi.

"Mama, tashi ki shiga ciki. Warin fentin nan zai tayar miki da tari."

"Tun safe nake shaƙarsa, sai yanzu ka tuna da ƙirjina?"

"Rana ta yi zafi."

"Wa ya aske min inuwar?"

"Baƙi zan yi, Mama."

"To madalla. Su same ni mu gaisa. Ko kunyata kake ji?"

"Ki tashi dai."

"Ka ga, babban mutum, a kan dakalin nan na yaye ka. Ba inda za ni."

"Na ce ki tashi!"

Ta rage muryar rediyo. Ta ɗago ta dube shi tun daga takalmi har kwat.

"Kai. Ni kake ɗaga wa murya?"

Wallahi ya sunkuya ya damƙi wuyan hannunta ya fizga. Rediyon ya faɗi ya dare biyu. Kwanon tsaba ya kife, kaji suka watse. Takalminta ɗaya ya cire ya tsaya a cikin tsakuwa.

"Sake ni! Ka haukace ne? Sake ni!"

Ta kama ƙarfen ƙofa da ɗaya hannun. Fentin bai bushe ba. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana ji suna ƙas-ƙas. Ta kai hannun ta dafa katanga, yana ja, hannun na bin bango. Sai ga baƙin sawun yatsu a kan farin fenti, dogo, tun daga ƙofa har inda bangon ya ƙare.

Ɗakinta bai kai ta ba, don masu saye za su leƙa ɗakuna. Can ƙarshen tsakar gida ya ja ta, gwiwarta na gurzar siminti, ya hankaɗa ta cikin sito. Nan Mai Fenti ke ajiye gwangwanayensa da jarkar tinna, ruwan nan mai kama da fetur da ake tsinka fenti da shi. Ba taga, sai wata 'yar kafa a sama. Ya jawo ƙofa ya datse kwaɗo.

Tana buga ƙofar tana tari. "Buɗe! Ni ce fa! Ni ce na haife ka!"

"Yanzun nan zan buɗe ki. Ki yi shiru kawai."

Ya fito yana gyara kwat. Mai Fenti na kan tsani, burushi a hannu, baki a buɗe.

"Yallaɓai, akwai fenti a buɗe a ciki fa. Ko ni in na daɗe kaina juyawa yake."

"Ka ga wani abu ne?"

"Ni? Bango nake gani."

"To shafe wancan." Ya nuna baƙin sawun.

Mai Fenti ya sauko ya laƙa fari a kai. Baƙin ya ɓullo. Ya ƙara. Ya koma toka-toka, amma yatsun na nan, kowa ya kalla ya san hannu ne.

"Sai da tinna, yallaɓai. Tana sito."

"Kana da naka makullin ai. Ɗauko, ka mai da kwaɗon. Ta fito, kai zan saka a madadinta."

Mai Fenti ya shiga. Ya ɗan jima. Ya fito hannu rabbana, gumi har haɓa.

"Ina tinnar?"

"Ta... ta ƙare."

Yaya zai zage shi ke nan Auta ya dawo da ƙwan fitila a hannu. Ya kalli dakali.

"Ina Mama?"

"Ta shiga ta kwanta."

"Ta bar rediyonta a fashe?"

"Kaji ne suka ture."

Auta ya sunkuya ya ɗauki takalmin daga cikin tsakuwa. "Da ƙafa ɗaya ta shiga?"

Kafin a ba shi amsa, wata farar mota ta shawo kwana, doguwa, sai ƙyalli take. Layin ba faɗi, sai da ta kusa sumbatar hancin motar marigayi sannan ta tsaya. Dillali ne ya fara dirowa. Bayansa wani mai tumbi, sai matarsa da gilashin rana ya cinye mata rabin fuska.

"Ga shi nan, yallaɓai! Ka ga fuska? Ka ga katanga? Ko tsaga ɗaya babu! Ka ga fulawa, da hannunsa marigayi ya shuka. Ƙofar nan kuwa sabuwa ce dal daga kamfani."

"Wane kamfani?" in ji Auta. "Ni na like ta."

Mai Tumbi ya dube shi. "Wannan fa?"

"Mai walda ne," Yaya ya yi saurin cewa. "Ya gama aikinsa, tafiya zai yi."

Auta ya juyo a hankali. "Mai walda, Yaya?"

Mai Gilashi ta zare gilashin tana kallon sama. "Ba laifi. Amma bishiyar nan sarewa za a yi. Yaushe mutanen ciki za su tashi?"

"Su tashi su je ina?" Auta ya ce.

Ba wanda ya kula shi, don a lokacin idon Dillali ya sauka kan motar marigayi. Ya dafe kai.

"Haba, ranka ya daɗe! Haba! Ban ce ka kawar da tsohuwar nan ba? Ban ce ta kwararraɓe, kaji na zagaya ta, in ta ƙi turuwa a ɗaure a ja ba?"

Yaya ya matso kusa da kunnensa, wai shi raɗa. "Na kawar. Tana sito. Na sa kwaɗo."

Shi kuwa Dillali bai san raɗa ba, tun da uwarsa ta haife shi.

"Wane sito? Wane kwaɗo? Ga ta nan zaune!" Ya ɗaka wa bayan motar duka, tsatsa ta zubo. "Wannan tsohuwar! Mu a bakin titi haka muke ce musu. To kai wace tsohuwar ka kulle a sito?"





Auta ya kalli takalmin da ke hannunsa. Ya kalli rediyon. Ya kalli sawun yatsun da ke bin bango. Ƙwan fitilar ya suɓuce ya faɗi, tas!

"Yaya."

"Tsaya in yi maka bayani."

"Ina Mama?"

"Na ɗan lokaci ne kawai, kai ma da rabonka a..."

Bai ƙarasa ba. Auta ya shaƙo wuyan kwat ya kai masa karo da goshi a tsakiyar hanci. Kun san ƙarar da kwakwa ke yi in an fasa? To ita ce. Jini ya tsinke, ya sauka kan farar riga. Yaya ya yi baya ya faɗa kan tukwanen fulawa, biyu suka tarwatse.

"Ka sa ni na like ƙofar da za a fitar da uwata ta ciki? Da hannuna? Ina fito ina murna?"

Yaya ya rarumo tukunya ɗaya da ƙasarta da komai, ya miƙe ya rotsa wa Auta a ka. Ƙasa da jini suka gangaro masa kan ido. Bai ko girgiza ba. Ya share da bayan hannu, ya sunkuci Yaya ta ƙugu ya maka shi da katanga. Farin bangon ya samu hoton bayan mutum da jan jini a sama.

"Wayyo fentina!" in ji Mai Fenti.

"Jama'a, a yi haƙuri, a gaban baƙi ne!" Dillali ya shiga tsakani hannu a sama. Gwiwar hannun Auta na dawowa ta same shi a baki. Ya zauna daɓas a cikin tsakuwa, ya tofa, sai ga haƙori. Ya ɗauka yana kallo kamar zai yi masa ciniki.

Yaya ya samu ƙarfen da ake kankare fenti da shi. Ya kai sara. Ya tsarge damtsen Auta, fata ta buɗe.

"Ni ne babba a gidan nan! Ni nake da magana! Kai me ka sani ban da ƙona ƙarfe?"

"Babba? Zo in nuna maka babba."

Ya murɗe hannun har ƙarfen ya faɗi. Ya kama ƙeyar Yaya ya ja shi zuwa bokitin farin fenti, ya dulmiya kansa ciki har wuya. Ƙafafun Yaya na harbin iska, takalmi mai tsini ɗaya ya tashi sama ya sauka kan farar mota. Ya ɗago shi.

"Haka take shaƙa a sito. Ka ji daɗi?"

Ya sake dulmiyawa.

"Zai kashe shi! Ku kama shi, zai kashe shi!" Mai Gilashi ke ihu, amma ko taku ɗaya ba ta ja baya ba.

Maƙwabta sun fito, kowa na cewa a raba, ba mai matsowa. Yaya ya samu ya harbi tsani. Tsanin ya yi layi, ya yi layi, ya rikito kan gilashin gaban farar mota. Ya tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa.

"Motata!" Mai Tumbi ya dafe tumbi, don can ne zuciyarsa take.

Auta ya saki Yaya ya faɗi yana aman fenti. Fuska fara fat, hanci na zubar ja, ido biyu na ƙyaftawa. Wallahi ko a mafarki kuka gan shi sai kun farka da salati.

Auta ya je wurin kayan aikinsa ya ɗauko guduma. Babbar, wadda ya miƙar da ƙofa da ita.



Ya tsaya a kan Yaya. Jini na ɗiga daga damtsensa kan kwat ɗin.

"Auta... ƙanina... don girman Allah..."

"Ɗazu mai walda ne. Makulli."

Yaya ya lalubi aljihu. Wannan babu. Wancan babu. Ya kalli bokitin fenti, ya kalli kwata.

"Ya... ya faɗi."

"To tashi."

"Ƙafata..."

Auta ya kama ƙafar da ba takalmi ya ja. Ta kan tsakuwa, ta bakin ƙofa, ta kan simintin tsakar gida, daidai hanyar da aka ja Mama. Kan Yaya na bugun dandamali yana barin farin layi. Jama'a suka ɗunguma a baya. Dillali riƙe da baki. Mai Tumbi na faɗin wa zai gyara masa gilashi. Har Mai Gilashi ta tattare zani ta bi, ita ma gulma ba ta wuce ta, da alama 'yar'uwata ce. Ƙofar gida ta zama ba kowa.

"Mama! Mama, ga ni! Matsa daga ƙofa!"

Ba amsa.

"Mama!"

Ko tari babu.

Ya ɗaga gudumar ya sauke kan kwaɗon. Sau ɗaya. Kwaɗon ya tashi ya bugi bango. Ya banka ƙofar, warin fenti ya bugo su har Mai Gilashi ta toshe hanci.

Gwangwanaye. Buhun siminti. Tsohuwar katifa. Ɗankwalin Mama a ƙasa, da takalmi ɗaya.

Mama ba ta ciki.

Auta ya juyo da gudumar. Idonsa ya wuce Yaya, ya wuce Dillali, ya tsaya kan Mai Fenti, wanda ke ƙoƙarin ɓuya bayan tankin ruwa. Tankin kuwa bai kai faɗinsa ba.

"Kai ke da ɗaya makullin."

Mai Fenti ya zube kan gwiwa. "Wallahi tausayi ne! Na shigo ɗaukar tinna na same ta a kwance tana shure-shure. Na ɗago ta, na ba ta ruwa. Ta tambaye ni su wa za su zo. Ni kuma ban iya ƙarya ga babba ba, na ce masu sayen gida ne."

"Sai me?"

"Sai ta daina tari. Ta ce in mai da kwaɗon yadda yake, in na faɗa wa wani ba ta yafe ba. Ta fita ta ƙofar baya, ta ce za ta tsaya a lungu ta ji da kunnenta."

"Ita kaɗai?"

"Da jarkar."

"Wace jarka?"

"Ta tinna. Ba ƙarewa ta yi ba. A cike take."

Sai suka ji ƙara daga waje. Kiiiiii. Doguwa, mai tsatsa, irin ta ƙarfen da ya shekara ba a taɓa shi ba. Auta ya gyara ƙofar gida ta daina kuka, amma ba wanda ya gyara ƙofar motar Baba.

Gudumar ta faɗi daga hannunsa. Ya kwasa da gudu. Yaya ya bi shi da rarrafe, sauran na turereniya a baya.

A bakin ƙofa Auta ya ci birki. Ƙafarsa ta taka jiƙa. Wari ya doki hancinsa, ba na fenti ba.

Baƙin fentin ƙofar na narkewa yana gangarowa kamar hawaye. Dakali a jiƙe. Tsakuwar a jiƙe, layi ya tafi daga bakin ƙofa, ya zagaya motar marigayi, ya shige ƙarƙashin farar mota. Jarkar na kwance a gefe, ba ko ɗigo.

Mama na zaune a mazaunin direba, ƙofa a buɗe, ƙafafunta biyu a waje ba takalmi. Kai ba ɗankwali, furfura a tsaye. Gwiwa na jini. Hular Baba a kan cinyarta. Ta kwance bakin zani, kwalin ashana na hannunta, hannun nan mai baƙin fenti.

"Ku tsaya nan," ta ce. Ba ihu. Muryar da take cewa a rufe mata kaji, ita ce.

"Mama, don Allah," in ji Auta. "Ni ne. Ajiye. Na rantse ba mai sayar da gidan nan ina raye."

"Na sani, ɗan albarka. Wa ya yanka maka hannu?"

Ta kalli abin da ke rarrafe a bayansa.

"Wane ne wannan farin?"

"Ni ne, Mama," Yaya ya ce, yana kuka, fenti na shiga bakinsa.

"Au, babban mutum. Kai ma an gyara maka fuska? Sayar da kai za a yi?"

Mai Tumbi ya leƙo ta kafaɗar Auta. "Baiwar Allah, ni na fasa. Wallahi na fasa. Bari kawai in janye motata."

"Ɗazu matarka ta ce a sare min bishiya. Tsaya ka ga yadda ake share fili."

Ta zaro tsinke ɗaya.

"Ina Dillali?"

Aka turo shi gaba, hannu a baki. "Ga ni, uwata. Wallahi mota nake nufi. Mota! Ni ban ma san da ke ba. Kowa ya ji, mota na ce!"

"Na ji. Ina lungu na ji. Ba ka yi laifi ba, kai mota ka ce." Ta shafa sitiyarin. "Mu biyu ne a ƙofar nan. Ni da ita. Duk mun kwararraɓe, duk kaji na zagaya mu."

Ta mai da ido kan Yaya.

"Abu ɗaya nake so ka gaya min, kai Dillali. Da ka ce a ɗaure tsohuwa a ja, ɗan nan nawa ya tambaye ka wacce?"

Dillali ya kalli ƙasa.

"Ya tambaya?"

"Bai... bai tambaya ba."

"Me ya ce?"

Dillali ya ƙara danne bakinsa. Jini na bin yatsunsa.

"Da kai nake. Me ya ce?"

"Cewa ya yi... an gama."

Mama ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗauki hular Baba ta mai da ita gaban sitiyari, ta daidaita ta yadda take.

"An gama," ta ce. "To ga mu nan mu biyu a wuri ɗaya, na rage maka wahala. Taso ka kawar."

"Mama, na tuba! Na tuba!"

Ta ƙyasta. Tsinken ya karye.

Auta ya ɗaga ƙafa zai taka.

"Ka motsa, in saki kwalin duka."

Ya tsaya, ƙafa a sama, tinna na ɗiga daga takalminsa.

Ta zaro na biyu. Ta dube shi, ta gyara riƙo, kamar mai shirin ɗora tukunya.

Ƙyas.

Wannan ya kama.